Yaya Sai-Na-Gwada da Regiletar da Bai Yarda da Ita Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Rajab, matarka ta kira ni ta ce Allah ya yi maka cikawa a asibiti, bayan ciwon ƙoda da ka daɗe kana ɓoye mana tsananinsa.

Yaya, mu huɗu ne a shagon, kai ne babbanmu. Muna haɗa 'yan na'urorin da ake sakawa a firjin magani, su yi ƙara idan sanyi ya ragu. Batirinsu ɗan faifai ne kamar kwabo, ana so ya yi shekaru ba a taɓa shi ba. Kai ke zaɓar regileta, ɗan abin da ke daidaita ƙarfin wuta kafin ta shiga na'ura. Kullum kana faɗa mana ba aikin na'ura ke cinye irin wannan batir ba, abin da regileta ke zuƙa ne lokacin da komai ke barci. Bayanin masu ƙera kaya bai taɓa isar ka ba, sai ka ɗora a mita. Shi ya sa muka sa maka Sai-Na-Gwada, har mahaifiyarka ta ɗauka.

Tsohon maigadin layinmu ba zai manta da kai ba. Na'urarsa ta gwajin suga kullum batir a mace, har ya fara zargin jikokinsa da wasa da ita. Ka ajiye aikinka ka buɗe ta, ka gano inda wuta ke zurarewa, sannan ka ce ya je ya ba yaran haƙuri.

Wata rana dillalin da ke kawo mana kaya ya zo da sabon ƙunshin regileta. Lamba ɗaya ce da tamu, amma ka daɗe kana juya ɗaya a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, ka ce rubutun jikinta ya cika fari. Da ka gwada, tana shan wuta ninkin ba ninkin.

Ka ce, "Alhaji, wannan ba tamu ba ce."

Ya ce, "Haba Injiniya, ai kamfani ɗaya ne."

Ka ce, "To, mitata ce ke ƙarya ke nan." Ka miƙa masa kayansa.

Kana kwance a jinyarka ta farko aka haɗa wasu na'urori, aka rarraba wa ƙananan asibitoci. Bayan ka dawo, aka maido da ɗaya batirinta ya mutu tun ba a je ko'ina ba. Ka buɗe, sai ga wannan farin rubutu. Kayan da ka kora sun dawo ta bayan fage, kuma kowa a cikinmu ya ce bai sani ba. Ba ka kama sunan kowa ba. Ka ɗauki jakarka, ƙafafu a kumbure, kana bin asibitocin kana canja regiletar, domin na'urar da ta mutu shiru take yi, magani ya lalace ba wanda ya sani. Likita ya hana ka, ka ƙi ji.

A zaman makoki dillalin ya fi kowa hawaye. Na gan shi ya ja mai kula da sitonmu gefe, sun jima suna magana ƙasa-ƙasa, da na matso suka yi shiru. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, don haka ban tuhume su ba. Amma na canja kwaɗon sito, kuma asibitocin da ba ka kai gare su ba, ni zan je da kaina.

Allah ya jiƙan ka, Yaya, ya yalwata kabarinka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Inna, Allah ya ba ki dangana. Matarka da 'ya'yanka, Allah ya zama gatansu. Yaran da aka yi wa allura da maganin da ka tsare ba su san ka ba. Allah ya sa su zama shaidarka ranar gobe.