Awadiyya Ta Yi Kisira da Awarwaron Aro

Duk ɗalibin Azhar da ya gaji da wake da burodi a unguwar Darrasa ya san ƙofar Awadiyya. Bahaushiyar Sudan ce, yaƙi ya koro ta daga Umdurman, ta zo Alƙahira da kaskonta na kisira, wainar dawan nan da ba ta fi takarda kauri ba. Mahaifiyarta tana garin Gadarif, can Sudan, kullum a waya Awadiyya na ce mata komai tamam. Tsoronta ɗaya a duniya, kada tsohuwar ta gan ta a wulaƙance.

Wata rana ɗalibai suka kawo mata Palwasha, 'yar Afghanistan da ta baro Kabul bayan an rufe wa mata ƙofar aikin fim. Wata ƙungiyar Turai ce ta ɗauki nauyin ɗan fim ɗin da take yi kan matan da ke gudun hijira. Da Larabcinta mai ɗingishi ta roƙi Awadiyya ta bari a ɗauke ta tana aiki, yadda take kullum.

Ranar ɗauka Palwasha ta tarar da ɗaki fes, turaren wuta na tashi, an tura kasko ƙarƙashin gado. Awadiyya na zaune cikin laffayar biki, ƙafa ta sha lalle, hannu cike da awarwaron maƙwabciyarta Samah. A wajen mutanenta ba a tsayawa gaban kyamara da kayan aiki, ko da kyamarar fasfo ce.

Sai da baƙuwa ta ci ta sha shayi kafin aka ba ta damar magana. Cikin ladabi ta yi bayanin cewa masu ɗaukar nauyin fim ɗin, wahala suke son gani: hayaƙi, gumi, in da hali ɗan hawaye.

"'Yar uwa, gumin ai nawa ne, kullum ina yin sa," in ji Awadiyya. "Amma wannan abin har Gadarif zai je a waya. Uwata za ta gani."

Palwasha ta ciro wayarta ta nuna mata wata mace lulluɓe da shuɗiyar burƙa tana tafe a hankali gefen bango. Ta ce ita ce. Wasu 'yan jarida baƙi ne suka sa ta aro burƙar, don a lokacin ba ta da ita, suka ce haka ta fi kama da 'yar ƙasarta. Mahaifiyarta ta kalli shirin har ƙarshe tana tausaya wa baiwar Allah, ba ta san 'yarta ba ce.

Awadiyya ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce ma'alish, wato a yi haƙuri.

Aka jawo kasko. Ta zauna da laffayarta da zinariyar aro, tana shafa ƙullu da sauri, awarwaro na ƙara, ita kuma Samah na tsaye a bakin ƙofa tana sa ido kan kayanta. Palwasha ba ta ce a cire komai ba.

Mutanen ƙungiya suka aiko tambayar ko matar nan da gaske 'yar gudun hijira ce, ganin yadda ta yi kyau. Palwasha ta ce su zo Darrasa su tambaye ta da kansu, ta bar fim ɗin yadda yake.

Da hoton ya isa Gadarif, tsohuwa ta kira. Ta ce Alhamdulillahi, 'yarta ta yi ƙiba, laffayar ma ta karɓe ta. Sai dai kisirar ta yi kauri, ba haka ta koya mata ba.