Indararon da ban rubuta ba

Shekarun baya, ina sabon dawowa daga karatun lantarki a Maradi, kaina na hayaƙi, wani porje na raya karkara ya gina wa wata ƙungiyar mata ɗakin ajiyar iri a hanyar Korahane. Soro ne na laka, da farantan sola a bisa. Har takardar shaida aka ba shi, wai gini ne da ba ya cutar da muhalli. Sharaɗinta shi ne a tsara yadda za a riƙa duba komai tun bai lalace ba, kuma ni aka ɗora wa aikin.

Na cika kaye guda, wato littafin rubutu: wanke farantai, duba batir, share fanka, gwada famfo. Duk abin da ke da waya ya shiga. Da na gama, na karanta wa tsohon maginin da ya yi soron, don dai ya san an yi boko.

Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ɗana, ban ji indararo ba. Kahin ruwa sai an hau an share shi, an yi yaɓe."

Na yi dariya, a gaban matan kuwa. Na ce, "Baba, wanga tsarin injuna ne, ba na kwaɓa laka ba." Ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Damina ta faɗi. Ashe tattabaru sun yi sheƙa a bakin indararo, leda da ƙasa sun ƙarasa toshe shi. Ruwa ya kwanta a rufi, ya riƙa tsatsafowa ta bango bayan buhuna. Ni kuwa kullum ina can ina goge farantai, taku uku daga wurin.

Ranar da matan suka zo karɓar irin wake, muka janye buhun farko, wari ya buge mu. Rabi ya tsiro, rabi ya yi fumfuna. Shugabarsu ta damƙi waken, ta dube ni ta ce, "Malam, yanzu mi za mu shuka?" Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Da ƙafata na je gidan tsohon, na shirya shan faɗa. Sai ya taso ya biyo ni har ɗakin ajiyar. Ya dubi rufin ya ce, "Riƙe mani tsani."

Yau duk tsarin da zan rubuta, da indararo nake farawa, sannan na nemi wanda ya gina wurin na zauna ƙasa na saurare shi. Amma kunyar ba ta wuce ba. Waccan daminar gaba ɗaya ta bayan gari na riƙa zagayawa da babur, don kada na bi ta gonakin matan na ga gero tsaye babu wake a ƙarƙashinsa.