Inna Sau-Uku ta Tagar Magani

Ƙarfe bakwai na safe take buɗe tagar ba da magani ta ƙaramin asibitin unguwa. Ta goge katako, ta gyara tabarau, sannan ta fara abin da ya jawo mata laƙabin Inna Sau-Uku. Shekara talatin ba ta taɓa miƙa wa mutum ƙwaya da magana ɗaya ba.

"Har ya ƙare. Kin ji? Har ya ƙare. Ba har ki ji sauƙi ba, har ya ƙare!"

Masu layi su yi tsaki, ita ko a jikinta. A wajenta, faɗar farko ta kunne ce, ta biyu ta kai, ta uku kuwa ita ke bin mutum gida.

Akwai wani malamin makaranta mai sanƙo, gwanin soke maimaici da jan biro a rubutun ɗalibai. Tarin fuka ya kama shi, aka ɗora shi kan maganin wata shida. Ranar farko ya gyara murya ya ce, "Inna, sau ɗaya ya isa. Ni fa malami ne."

"To, Malam, kai sau huɗu. Masu ilimi sun fi taurin kunne."

Wata biyu tari ya lafa, malam ya yi wa kansa sallama, ya daina zuwa. Ranar Asabar da rana tsaka sai ga Inna a ƙofar gidansa, ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa.

"Ciwon bai mutu ba, Malam, laɓewa ya yi. Zai dawo. Zai dawo ya fi ƙarfin ƙwayar nan. Zai dawo ya bi 'ya'yanka ukun nan da ke leƙe na."

Malam ya nemi inda zai sa jan biro, ya rasa. Ya shanye maganin har ya ƙare, ga shi yau da numfashin rubuta wannan.

Inna, ke ce ba ki gaji ba lokacin da muka gaji da ke. Mun gode.

Jiya Inna ta ajiye aiki. Da safen nan sabuwar ma'aikaciya ta miƙo magani, ta ce "har ya ƙare" sau ɗaya, ta yi shiru. Sai layin gaba ɗaya ya cika mata sauran biyun, muryar malam, da ya zo karɓar wani maganin, ta fi ta kowa.

Duk wanda ran wani ya rataya a kan maganarsa, ya faɗa, ya sake faɗa. In an yi tsaki, ya ƙara.