Tikiti na Talatin

Saura ƙiris ban rubuta wannan tarihi ba. A aji shida na tsaya, kuma ko gaisuwa zan yi a gaban mutane sai muryata ta kama rawa. Amma takardar da 'yan'uwana suka shirya bugawa a kan mahaifiyarmu ba ta ambaci littafinta ko ɗaya ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Haihuwa da karatu

An haife ta a shekarar 1958, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinta mai sayar da tikiti ne a tashar jirgi, mahaifiyarta kuma tela. Ta shiga firamare a 1965, ta wuce makarantar horon malamai a 1972, inda ta kammala a 1977.

Aiki, aure da iyali

Ta fara koyarwa a 1978, sannan a 1980 aka ɗaura aurenta da mahaifinmu, mai gyaran agogo, Allah kuma ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. A kowane hutun ƙarshen shekara dangi kan cika gidan, a baje katifu har bakin ƙofa, ita kuwa ta yi shekara goma sha huɗu ba ta san hutun ba sai a gaban murhu.

Tafiye-tafiye da rubutu

A watan Disamba na 1994 ta ɗauki jaka, ta hau jirgi zuwa tashar ƙarshe, ta kama hayar wani ɗaki a saman shagon magani na kwana goma. Gwaggo, yayar Baba, ta ce, "Wace irin mata ce za ta bar baƙi ta tafi yawo da biro?" Baba ya miƙa mata ludayi ya ce, "Yaya, riƙe wannan, ni na iya yanka albasa."

Daga nan ba ta taɓa fashi ba, har unguwa ta laƙaba mata Mai Jaka. Al'adarta ita ce ta rubuta jimlar farko ta aikin shekarar a bayan tikitinta tun kafin jirgi ya tashi. Littafinta na farko ya fito a 1995. Tana kuma aika wa wata jarida wasiƙar ƙarshen shekara, kan hanya da baƙi da wahalar rubutu. A ɗaya daga ciki ta ce: "Duk shekarar ta kowa ce. Kwana goman nan nawa ne, kuma ba roƙonsu na yi ba."

Shekarun ƙarshe

Baba ya rasu a 2016, aka ce yanzu kam za ta zauna. Ba ta zauna ba. Daga 2019, da ciwon gwiwa ya matsa mata, tare muke tafiya. A ɗakin da take haya, na san teburin da ake tokare ƙafarsa da kwali, na san tagar da ke kallon tankin ruwa.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar 14 ga Disamba, 2023, bayan jinyar kwana uku, aka binne ta a maƙabartar da aka kai Baba. Ta bar babban yayanmu, injiniya. Da yayata, ma'aikaciyar jinya. Da mai bi mata, malamin makaranta. Da ni, auta. Da jikoki tara. Ta bar littattafai goma sha ɗaya, da gwangwanin madara mai ɗauke da tikiti ashirin da tara, duk da rubutu a bayansu. Na talatin yana cikin jakarta, na ranar 20 ga wata, bayansa fari fat, tare da nawa tikitin.

Ranar 19 babban yaya ya karanta mana abin da za a buga: malama ce, uwa ce, mai haƙuri ce.

Na ce, "Yaya, littattafan fa?"

Ya ce, "Auta, labaran ƙage ne. Maganar yawon nan ma a bar ta, muna da surukai."

"Ba yawo take yi ba, aiki take yi."

Aka yi dariya. Ya ce, "To, farfesa, sai ki rubuta naki."

Washegari da safe na ɗauki jakarta na tafi tasha ni kaɗai. Na zauna a kujerarta ta jikin taga, na juya tikitinta na talatin, kafin jirgi ya tashi na rubuta: An haife ta a shekarar 1958.