Shafin da Lorraine Ta Buɗe wa Ɗanta

Maƙwabciyata Lorraine Pawlak har ta yi ritaya daga kicin ɗin makaranta a Toledo ba ta iya kunna kwamfuta ba. Mutuwar ɗanta Curtis ce ta sa ta koya. Duk wanda ya nemi sunansa a intanet, labarin jarida ne ke fara fitowa: ya yi tuƙi a buge, ya faɗa kogi.

"'Yarsa za ta girma ta nema," ta ce mini. "Wannan za ta fara gani? Sam, ba da ni ba."

Aka gaya mata shafi yana hawa sama ne idan wasu shafuka suna ambatonsa. Ta buɗe masa nasa, ta cika shi da hotunan kamun kifi, ta bi coci da garejin da ya yi aiki tana roƙon su ambace shi.

Na ce, "Lorraine, ki huta mana."

"Ke kika haife shi?"

Shafinta bai taɓa wuce na biyu ba, kullum yana ƙasan labarin jaridar. Bara ta rasu. Sanarwar rasuwarta ta ce "mahaifiyar Curtis Pawlak", mutane suka yi ta yaɗawa. Yanzu in an nemi sunansa, sanarwar rasuwarta ce a sama, tana tsaye tsakanin jikarta da jaridar.