Ranar da Aka Ƙona Rumbunmu

Har yau in gero ya ƙone a tukunya, sai gabana ya faɗi. Ƙaurin nan yakan mayar da ni wani ƙauye kusa da Runka, inda aka haife ni. Mu Kiristoci gidaje kaɗan ne a can, sauran duk Musulmi ne, rijiyarmu ɗaya da su.

Wata Lahadi ce, an gama girbi ke nan. Kowa a gidanmu ya tafi coci, aka bar ni a gida saboda zazzaɓi. Ina kwance a inuwar zana na hango maƙwabcinmu na gona, wanda suka daɗe suna rigimar iyaka da Baba. Shi ma ɗan cocinmu ne. Ya zagaya bayan rumbunmu riƙe da kara mai wuta, ya cusa a jinka, ya ruga da gudu.

Ihuna ne ya fito da maƙwabta Musulmi da tuluna, amma wutar ta fi ƙarfinsu. Kafin a taso daga coci, abincinmu na shekara ya zama gawayi.

Mai unguwa ya durƙusa a gabana ya ce, "'Yata, wa kika gani?" Na faɗa. Kafin la'asar matasa suka jawo mutumin, rigarsa a yage, bakinsa na jini. Suka zube shi a ƙofar gidanmu. Wasu na cewa a kai shi ga 'yan sanda a Safana, wasu na cewa a ƙona nasa rumbun. Baba yana tsaye da gatari, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ban taɓa jin tsoron mahaifina ba sai ranar.

Sai ga Kaka, mahaifiyar Baba, tana dogara sanda, ɗauke da ƙwaryar ruwa. Ta ratsa mutane ta miƙa wa mutumin. Ya kasa karɓa, sai ta riƙe masa ya sha. Sannan ta dubi Baba.

"Ɗazu da safe da bakinka ka roƙi Ubangiji ya yafe maka yadda kake yafe wa mutane. Wasa kake yi da shi?"

Baba ya ce, "Inna, me yaran nan za su ci?"

"Ban sani ba. Amma Almasihu bai jira mun shiryu ba kafin ya ƙaunace mu. Ajiye gatarin nan."

Can Baba ya jefar da gatarin, ya ce wa mai unguwa, "Ku sake shi." Ya shige ɗaki.

Kada ka zaci komai ya warware. Mun sha yunwa a shekarar, tafasa da rama muka yi ta ci, sai ɗan hatsin da maƙwabta suka tara mana. Da damina ta faɗi, mutumin ya fara zuwa gonarmu da fartanya, ya gai da Baba, ya yi noma ya tafi. Sai da gero ya fara fitar da kai Baba ya amsa gaisuwarsa.

Yanzu ƙauyen ya zama kufai. 'Yan bindiga sun tashe mu, muna zaune a Batsari, ƙanena kuma da suka ɗauka a gona bai dawo ba. Kowace Lahadi, in aka zo wurin yafiya a addu'a, harshena yakan yi nauyi. Wani lokaci nakan faɗa, wani lokaci nakan yi shiru. Ban kai Kaka ba tukuna, amma ban daina zuwa cocin ba.