Irin Zangarmi a Cikin Hulata

Asuba muka bar Ƙofar Kware, mu uku da jaki ɗaya, muka nufi dajin gabas. Zangarmi na je nema, doguwar bishiyar nan da mahaifina ke haɗa tawada da ƙaronta. Labari ya iso mana cewa Nasara sun sa a sare su don turakun wayar tangaraho. Damina uku ina wanke irinta tas ina shukawa a bayan gida, ko ɗaya bai tsiro ba.

Hanyar yashi ce zalla. Jakin ya fi mu hankali, duk inuwar da ya gani sai ya tsaya. A ƙauyuka fura ta yi tsada, kuma ruwa ya fi gero yawa a cikinta. Kwana huɗu muka yi, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Kututture muka fara tararwa, jere. Saura bishiya bakwai a tsaye. Da na ɗaga kai in ga ƙarshen ɗaya, hulata ta faɗi. Ganyen na can sama, 'ya'yan kuwa na reto ƙasa-ƙasa a kan dogayen jijiyoyi. Wani tsohon manomi ya ce kakanninta gajeru ne kamar aduwa. Raƙuman dawa suka yi ta cinye gajerun, masu tsawo suka tsira suka haifi masu tsawo, da ikon Allah.

Na tsinko 'ya'ya masu kyau ina gogewa. Tsohon ya yi dariya.

"Malam, wanga ba ya tsirowa. Sai wanda raƙumin dawa ya haɗiye ya kasayar."

Ya nuna mini tulin kashi a gindin bishiyar. Na ja da baya, na ce ina da alwala.

"Ashe! Ba ku kuka karantar da mu kashin dabbar da ake ci ba najasa ba ne?"

Ni da hannuna na kwafi babin nan sau da yawa. Na durƙusa na tona. Jakata cike take da takardu masu sunan Allah, don haka a hula na zuba irin da na tono.

Haka na shigo Sakkwato kai ba hula, mutanen Hubbare na kallona. Na gaji ƙwarai, kuma na gane shekara uku ina wanke abin da Allah bai ce a wanke ba. Jiya ƙwaya biyu cikin irin da na shuka suka tsaga ƙasa. Ba zan ga tsawonsu ba, amma ina ba su ruwa.